Kafin ka kira shi daƙiƙi

Assalamu alaikum iyaye, maza da mata.

Akwai wani yaro a ajina na Islamiyya nan cikin Sakkwato da ya kusa shekara bai wuce Sabbi ba. Kullum yana can baya jikin bango, in ina biyawa sai ya ƙura wa bakina ido. Na yi faɗa, har bulala na ɗaga masa, astagfirullah. Ranar da na tsuguna kusa da allonsa na ga ƙuda na bin kunnensa na hagu, ruwa mai wari na fita. Ashe ba ya jina sosai, motsin leɓena yake bi. Mahaifiyarsa ta ce tun yana goye kunnen ke haka, auduga ake tura masa.

Manzon Allah (SAW) ya ce dukanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi kan abin da aka ba shi kiwo. Jikin yaron nan yana cikin kiwon.

Allah Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku a Baƙara, aya ta 233. Likitoci kuma suna maganar kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da sauri. Tamowar da ta kama yaro a wannan tsakani tana iya binsa har aji, har wajen neman abincinsa in ya girma. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jini, yaro ya zo makaranta yana gyangyaɗi mu ce lalaci ne. Ƙyanda kan taɓa ido, sanƙarau kan bar kurumta.

Don Allah, in masu rabon maganin zazzaɓi na damina sun yi sallama, a karɓa a ba yaran har ya ƙare. A kai su rigakafi. A sa gyaɗa a kunu, zogale da wake a tukunya. Kai maigida, ƙwan da kake ci wurin mai shayi, ɗanka ya fi ka buƙatarsa.

Yaron nan an kai shi asibiti, kunnen ya bushe, na dawo da shi gabana. Jiya ya kawo mini hadda cikin Amma. Na nemi gafararsa a gaban 'yan ajin.