Injera ba tsumma ba ce, Alhaji

Wai har yanzu akwai masu kare bawan Allahn nan da ya je Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya ɗaga injera, faffaɗar wainar da suke ci da miya, gaban kyamara yana yatsina, wai tsumman goge tebur aka kawo masa? Na ga ana ta cewa ai ra'ayinsa ne. Madalla. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya tsallake Chadi da Sudan, don ya gano mana cewa Habashawa ba sa tuƙa tuwon shinkafa. Sannu da bincike, Alhaji.

Ba wanda ya ce dole ta yi maka daɗi. Ka ture ta gefe ka nemi shinkafa, ba mai kama ka. Amma ka wulaƙanta abincin mutane a cikin garinsu, matar da ta kawo maka tana tsaye, wannan rashin tarbiyya ne.

Wai injerar tsami gare ta. To garin tef, wani hatsinsu mai ƙananan ƙwayoyi, ake kwaɓawa a bar shi kwana biyu ko uku ya tashi, sannan a zuba a kan faffaɗan kaskon da suke kira mitad. Mu da muke kwana da ƙullun masa, muke shan koko da kindirmo, muke jefa daddawa a miya har maƙwabta su ji, mu ne za mu yi wa wani dariyar tsami? Haba jama'a!

Abin da ya fi ci mini rai, mutanen nan sun iya karɓar baƙo. Suna da al'adar gursha: mai gida ya naɗo loma da miya ya sa maka a baki da hannunsa, don ya nuna ka kai masa. Gahawarsu ma ba a gaggauta ta. A gabanka za a soya, a daka, a dafa, ga turaren wuta na tashi, a zuba maka har zagaye uku. Kuma kada mu manta, ƙasar nan ce Annabi (SAW) ya tura sahabbai hijirar farko, Najjashi ya ba su mafaka. Can ka je kana yatsina.

Masu cewa wasa yake yi, ku riƙe wasanku. Ranar da wani Bature zai ɗaga tuwo da miyar kuka a Kano ya kira ta da sunan ƙazanta, ku ne za ku fara neman a kore shi daga gari. Rashin tarbiyya ne, ko da dariya aka yi shi.