Ina dabbar da kuka raɗa wa wannan suna?

Tun ranar Talata ake turo mini wata maƙala da aka buga a kan dabbobin wani daji na kudancin jihar nan ta Kaduna, kowa yana taya marubutan murna, wasu har da addu'ar Allah ya kai su kujerar farfesa. Na so in yi shiru, amma jiya bayan sallar isha'i na zauna na karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gani ya hana ni barci da wuri. Wannan aiki bai cika sharuɗɗan bincike ba, kuma mujallar da ta karɓi kuɗi ta buga shi kwana goma sha biyu bayan an aika mata ta cuci marubutan, ta kuma cuci ɗaliban da za su kafa hujja da shi gobe.

Tambayata guda ɗaya ce: ina dabbar? An jera sunayen macizai da ƙadangaru da tsuntsaye da yaren Latin har shafi uku, amma babu inda aka faɗi ranar da aka kama ko da guda ɗaya, ko a gindin wane dutse, ko a wace kwalba aka ajiye shi, ko wace lamba aka liƙa wa kwalbar domin mai shakka ya je ya duba da idonsa. Hotuna biyu daga cikin waɗanda aka saka na san su tun daɗewa a intanet. Wanda ya ce ya ga dabba kaza a daji kaza shaida yake bayarwa, kuma duk alƙalin kirki yana tambayar mai shaida inda ya tsaya da lokacin da ya gani.

Mu ɗauki kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Maƙalar ta kira ta Echis carinatus, sunan da a yau na macijin Indiya da maƙwabtanta ne. Gaskiya ne a da ana haɗa tamu da waccan a ƙarƙashin suna ɗaya, har likitan nan David Warrell da ya yi aiki a Zariya a shekarun 1970 ya yi amfani da tsohon sunan a rubuce-rubucensa kan saran maciji. Sai dai tun 1970 aka ba ta Afirka ta Yamma sunan ocellatus, daga baya aka amince cewa jinsi ce mai zaman kanta, a 2018 kuma aka sake ware wata daga cikinta da sunan Echis romani. Wani zai ce wannan gardamar malamai ce kawai. To, ya je ya tambayi ma'aikatan asibitin saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe. Dafin macijin Indiya daban yake da na tamu, don haka maganin da aka haɗa da dafin can ba ya yin aikin da ake bukata a jikin manomin da aka sara a nan, jini ya ci gaba da zuba ta dasashi da hanci alhali an yi masa allura. Dalilin ke nan da ya sa aka riƙa kama kububuwar ƙasar nan ana tatsar dafinta domin a haɗa maganin da ya dace da ita. Idan jami'in da ke sayen magani ya karanta maƙala irin wannan ya gaskata, kuskuren suna zai iya zama sanadin rasa rai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kada. Garin nan na Kaduna da muke zaune daga kada ya samo sunansa, amma maƙalar ta rubuta Crocodylus niloticus, wato kadan kogin Nilu, ba tare da ko jimla ɗaya ta bayani ba. Tun 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban, aka dawo masa da sunan Crocodylus suchus, wanda wani masanin Faransa ya fara ba shi a 1807. Duk wanda zai rubuta cewa ya ga na Nilu a wani rafi na jihar Kaduna, wajibi ne ya kawo hujja, domin da'awa ce babba. Idan kuwa daga tsohon littafi ya kwafo sunan, sai ya faɗi hakan, kada ya ce ya gani.

Na ga uzurin da ake kawowa, kuma ban karɓi ko ɗaya ba. An ce rashin tsaro ya hana shiga daji. Babu mai musun haka, kowa ya san halin da yankin Birnin Gwari ya shiga, inda gandun dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, kuma ba zan ce wa ɗan kowa ya jefa ransa cikin haɗari saboda ƙadangare ba. Amma wanda bai samu shiga daji ba sai ya rubuta abin da ya samu yi, ya ce na tattauna da maharba kaza, ga abin da suka faɗa mini, wannan ma ilimi ne mai daraja. An ce babu kuɗi. Kwalba da sinadarin fomalin da fensir da ɗan littafin rubutu ba su kai kuɗin da aka biya mujallar ba. An ce sai da maƙala ake samun ƙarin girma a jami'a. Wannan shi ne ainihin ciwon, domin muddin kwamitin ƙarin girma yana ƙirga maƙalu kamar buhunan masara ba tare da ya buɗe ya duba cikinsu ba, mujallun kasuwa za su ci gaba da samun ciniki. Amma matsin lamba ba ya halatta shaidar zur.

Wani kuma ya rubuto mini cewa sunayen nan na Turawa ne, me ya dame mu da su. Tsarin ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latin ya samo asali ne daga masanin nan Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, kuma bugu na goma na littafinsa a 1758 shi ne mafarin sunayen dabbobi da ake amfani da su. Amma ƙa'idar da ke riƙe da tsarin kowa zai gane adalcinta: kowane suna yana rataye ne a jikin wata dabba takamaimai da aka adana, wadda za a iya komawa gare ta idan gardama ta tashi. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda aka ba sunan peralta a 1898, daga wanda aka harbe a kusa da Lakwaja aka siffanta shi. Yau babu shi a dazukan Nijeriya, sai a Jamhuriyar Nijar, kuma da ba a adana wancan ba aka rubuta inda aka same shi, da ƙaryata mu za a yi idan muka ce ya taɓa yawo a mahaɗar Kwara da Binuwai.

Kuma ba wai ba mu gaji aikin ƙwarai ba ne a ƙasar nan. Mujallar The Nigerian Field tana fitowa tun 1931. Mujallar Malimbus ta masu nazarin tsuntsayen Afirka ta Yamma ta fara a 1979, ta gaji wadda masu nazarin tsuntsayen Nijeriya suka soma a 1964. Littafin masani Happold kan dabbobi masu shayarwa na Nijeriya ya fito a 1987. A nan cikin Kaduna akwai cibiyar binciken cutar sammore, wadda aikinta ya dogara ga bambance ire-iren ƙudan tsando masu yaɗa cutar, domin wanda ke bin bakin rafi daban yake da wanda ke cikin dajin fili, kuma dabarar yaƙi da su ba ɗaya ba ce. A 1998 aka siffanta wani sabon ɗan tsuntsu ja daga duwatsun Jos, Lagonosticta sanguinodorsalis, tsuntsun da yake zaune a gaban idon mutane shekara da shekaru ba a gane shi daban ne ba. Duwatsun Kagoro da dajin Nindam suna nan a jiharmu, kuma ina da yaƙinin cewa mai haƙuri da gaskiya zai samu abin rubutawa a can wanda zai tsaya da ƙafarsa a kowace mujalla ta duniya.

Na taɓa shiga ɗakin ajiya na wani sashen nazarin dabbobi, na tarar da kwalabe jere a kan katako, ƙura ta rufe su, ruwan cikin wasu ya ƙafe har wutsiyar macijin ta bushe ta yi baƙi. Na ɗauki guda ɗaya na goge da hannun rigata, sai ga 'yar takarda a ciki an rubuta da fensir: sunan ƙauye, da rana, da wata, da shekara, da harufan farko na sunan wanda ya kamo. Mutumin nan wataƙila ya daɗe da rasuwa, amma shaidarsa tana nan ana iya duba ta. Ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ya ce mini: "Malam, shekara nawa ban ga wanda ya zo ya tambayi kwalaben nan ba." Na fita daga ɗakin zuciyata a ƙuntace.

Akwai kuma sunayenmu na Hausa da su ma suke salwanta. Kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne, kuma ba ya haɗa gada da mazo, ko mariya da kwanta-rafi, ko kanki da gwanki, yana bambance su ko daga sawu ko daga kashi. Jikana kuwa duk wata dabba mai ƙaho da ya gani a talabijin barewa ce a wurinsa. Masuntan da ke bakin kogin nan ta wajen Kabala suna da sunaye daban-daban ga kifayen da mu masu saye muke kira ƙurungu gaba ɗaya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunaye da yawa irin waɗannan, amma akwai waɗanda sai a bakin tsofaffi. Akwai wani dattijo, abokin farautar kawun nawa, da har yanzu yake da rai a ƙauyenmu, idanunsa sun yi rauni amma hankalinsa garau, kuma na ƙudura cewa da hutun sallar nan, in Allah ya yarda, zan je wurinsa da littafi da waya in naɗi duk abin da zai faɗa mini.