Wa ya san James Jamerson?

Duk inda aka tayar da maganar gwanayen jita, sunayen da za ka ji su ne Jimi Hendrix, Eric Clapton da Jimmy Page. Ban musa ba. Hendrix bahago ne, ya juya jitar na-dama ya sa ta kuka irin wanda ba a taɓa ji ba, kuma a bikin kiɗa na Monterey a Amurka a 1967 ya banka mata wuta a gaban jama'a. Har yau in na saurare shi tsikar jikina takan tashi.

Amma wallahi akwai mutumin da aka danne wa haƙƙi, kuma abin yana ci min rai. James Jamerson, mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, a kamfanin waƙa na Motown da ke Detroit. Shekara da shekaru yana zaune a ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa, yana ɗora wa su Temptations, Supremes da Stevie Wonder harsashi, amma ba a ko rubuta sunansa a bangon faifai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1971 Marvin Gaye ya sa sunayen makaɗansa a faifan What's Going On.

Ku dubi yadda yake kiɗan. Da yatsa ɗaya, manuniya, yake jan tsirkiya. Jitarsa Fender Precision ce, kuma ba ya canja mata tsirkiya sai ta tsinke, don ya fi son wannan dusasshiyar murya mai kauri. Kafin shi, yawancin masu bes bugu biyu ko uku suke ta maimaitawa. Shi kuwa sai ya riƙa zagaya mawaƙin, yana ba shi amsa, yana shiga yana fita, bai taɓa take masa murya ba. Wannan ya fi wuya a ganina. Mai jitar rok yana da filinsa, a yi masa shiru ya baje kolinsa. Mai bes dole ya burge ka ba tare da ka lura da shi ba.

Paul McCartney, mai bes na ƙungiyar Beatles, da bakinsa ya ce ya koyi abubuwa a wajensa. Hendrix ɗin ma, kafin ya yi suna, bayan Isley Brothers da Little Richard yake tsayawa yana kiɗa.

Jamerson ya rasu a Los Angeles a 1983 yana da shekara 47. Sai a 2000 aka sa shi a zauren karrama gwanayen rok.