Sunan Campbell ba daga Faransa ya fito ba

Malam, sannu da ƙoƙari, amma cewar da ka yi sunan zuri'ar Campbell ta Sikotilan daga Faransa ya zo, wai "kyakkyawan fili", ƙagen 'yan baya ne masu neman asali mai daraja. Laƙabi ne a harshen Gelik na tsaunukan Sikotilan: "cam" karkatacce, "beul" baki. Mai karkataccen baki ke nan! Su Cameron kuwa, wata zuri'ar Sikotilan, hancin kakansu ne ya karkace.

Tun ƙarni na 13 zuri'ar Campbell ke zaune a yankin Argyll na yammacin Sikotilan, bakin tafkin Awe. Kuma a bayaninka ka tsallake abin da ya faru a kwarin Glencoe a 1692, inda sojoji ƙarƙashin wani Campbell suka kashe 'yan zuri'ar MacDonald da suka ba su masauki. Har yau ana yi wa 'yan Campbell gorin nan.