Likita Ya Hana

A kan tiren tumatir na faɗi, a kasuwar 'Yankaba, ina tsaka da yi wa mai kaya ƙorafin tsada. Abin da na iya tunawa shi ne na ce, "Haba bawan Allah, wannan ɗan kashin?" sai duniya ta yi duhu. Da na farfaɗo na tarar da mutum biyar suna yi mini fifita da kwali, wata tsohuwa tana tofa mini addu'a, mai tumatir kuma yana tsaye yana kallon bayan rigata yana lissafi a zuci. Mutumin kirki ne, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya ga na miƙe.

Wannan shi ne karo na uku cikin wata biyu. Na farko na ce yunwa ce. Na biyu Hajiya ta ce iska ce, aka yi ta banka mini hayaƙi har makwabta suka zo tambayar ko lafiya. A na ukun babban ɗana ya saka ni a mota bai nemi shawarata ba. A asibiti aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, wata doguwar takarda ta fito, likita ya duba. Yaro ne, bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba. Ya ce, "Baba, zuciyarka sau 36 take bugawa a minti ɗaya. Ta mai lafiya idan yana zaune tana yin 60 zuwa 100." Na ce ai ni dama tun ina yaro ba na son gaggawa. Bai yi dariya ba. Ya zana mini a bayan kati cewa zuciya tana da nata lantarkin, saƙo yana tasowa daga ɗakunan sama ya sauka ɗakunan ƙasa kafin ta buga, kuma ni wayar da ke tsakani ce take yankewa. Wato bayan ɗauke wutar da muke sha a unguwa, a cikin ƙirjina ma ɗaukewa ake yi.

Maganin shi ne na'urar daidaita bugun zuciya, wadda su suke kira fesmeka, mu kuma a gida muka raɗa mata batir. Ba ta kai akwatin ashana kauri ba. Idona biyu aka yi aikin, allurar kashe zafi kawai aka yi mini. Aka tsaga fata a ƙasan ƙashin wuya ta gefen hagu, aka zura wayoyi biyu ta jijiya har cikin zuciya, aka cusa abar a ƙarƙashin fata aka ɗinke. Ina kwance an rufe mini fuska da kyalle ina jin su suna hirar ƙwallo. Na so in sa baki don akwai wanda ya faɗi ba daidai ba, sai na tuna a hannun wa wuƙar take.

Ranar sallama likita ya lissafa mini dokoki a gaban Hajiya. Kada in ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har mako shida, don wayoyin su kama jiki. Kada in ɗauki abu mai nauyi. Wayar salula ta yi nesa da wurin aƙalla santimita 15, kusan taƙi ɗaya, kuma in riƙa amsa kira da kunnen dama. In guji maganaɗisu, in guji injin walda, kada in sunkuya a kan injin da yake aiki. Ya ba ni wani ɗan kati ya ce kada ya rabu da jikina.

Wanda ya ƙirƙiro wannan na'ura bai taɓa sa kaftani ba. Da ya taɓa, da ya san aljihun gaba a hagu yake, daidai kan wurin, kuma nan ne mazaunin waya tun da aka fara wayar. Shekara ashirin hannuna ya san hanya. Kwana na uku a gida na gama magana na jefa ta aljihu, sai na ji ta yi rawa a ƙirjina. Na yi salati na cilla ta tsakar gida, na zauna ina jiran mutuwa. Ashe saƙo ne ya shigo, wai in sayi waƙar kira. Washegari Hajiya ta kwashi kaftanaina guda shida ta kai wa tela ya ɗinke bakin aljihun. Har yau nakan kai biro wurin ya zame ya faɗi ƙasa.

Babbar riga kuwa sai dai haƙuri. Kowa ya san darajarta a naɗe hannun take, ka ɗaga ka watsa kan kafaɗa ka gyara murya. Ni na dama kawai nake iya watsawa, na hagun yana jan ƙasa, sai ka ce angulu mai karyayyen fiffike. A masallaci ma na tsorata har ina yin kabbara da hannu ɗaya da rabi. Bayan sallama wani dattijo ya matso ya ce, "Alhaji, wannan a wane littafi ka gani?"

Majalisarmu ta ƙofar gida ita ta fi kowa jin daɗin ciwon nan. Akwai wani Bazazzagi da muka shekara talatin muna zama, tun ranar da na dawo bai sake kiran sunana ba, sai Alhaji Batir. Idan na yi hamma ya ce caji ya yi ƙasa. Idan na yi gyangyaɗi ya ce a tura shi ko zai tashi. Ya ce dama ya san Bakano ba zai bari ko zuciyarsa ta yi aiki kyauta ba, sai ya sa mata mita. Jikana ɗan shekara biyar ya ji wannan ya ɗauka gaske ne. Ina barcin rana na ji ana lalubena, na buɗe ido na gan shi da wayar caja a hannu yana neman rami a hammatata.

Gwaggona ce ta yi tambayar da kowa yake jin nauyin yi. Ta haura tamanin, ba ta da lokacin kwana-kwana. Ta ce, "To kai ɗan nan, ran da batirin ya ƙare fa?" Na faɗa mata abin da likita ya ce, cewa yakan yi wajen shekara goma, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, tun da saura ake gani a wurin dubawa, sai a buɗe a canza akwatin a bar wayoyin. Ɗana ya ƙara da labarin wani Bature ɗan ƙasar Suwidin mai suna Arne Larsson, wanda shi aka fara dasa wa irinta a 1958. Ta farkon sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya, aka sa wata, aka yi ta canza masa har fiye da sau ashirin, bai mutu ba sai 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka ga ni ba ni da batir na kusa cim masa."

A mako na biyu ne na gano ni'imar da ke cikin kalmomi uku: likita ya hana. Da farko gaskiya nake faɗa. Aka ce a ɗaga buhun shinkafa, na ce likita ya hana. Daga nan abin ya fara yaɗo. Tayar da janareta, likita ya hana. Zuwa ɗaurin auren ɗan ƙanin mijin ƙanwar Hajiya a Wudil, likita ya hana. Taron iyayen yara a makaranta, likita ya hana. Da na ga ba mai musu, sai na ƙaro wata doka daga aljihuna, na ce an hana a faɗa mini duk maganar da za ta tayar da hankali. Auta ya zo da takardar kuɗin makaranta, na dafa ƙirji na lumshe ido, ya juya da sanɗa ya kai wa yayansa. Mai bina bashin siminti ya zo da fuska a murtuke, ya koma yana yi mini addu'a. Tun da na yi aure ban taɓa samun hutu irin wannan ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne Hajiya ma tana da baki. Ta ce likita ya hana tsire. Na ce yaushe? Ta ce lokacin da na shiga banɗaki. Ya hana shayi mai kauri, ya hana rediyo bayan ƙarfe goma, ya hana zaman majalisa ya wuce magariba. Ban isa in ƙaryata ta ba, don idan aka fara binciken abin da likita ya faɗa da wanda bai faɗa ba, ni ne zan fi asara. Haka muka zauna kowa yana riƙe da nasa likitan.

A ƙofar masallacin Juma'a kuma na ba da kaina. 'Yan agaji suna shafa wa mutane sandar nan mai ƙara. An gaya mini wucewa ɗaya ba komai, dai kada a tsayar da ita a kan wurin, in nuna katina kawai. Yaron ya ɗago sanda, ni kuma maimakon in ciro kati, sai na ja da baya na dafe ƙirji na ce da ƙarfi, "Kada ka taɓa, akwai na'ura a jikina!" Ban taɓa ganin sahu ya buɗe da sauri haka ba. Wani ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Sai da limamin unguwarmu ya zo ya shaide ni, ina ta laluben katin a aljihun da aka ɗinke.

Tsiren dai ban iya haƙura ba. Wata Talata bayan isha'i na ce wa Hajiya zan tsaya karatu a masallaci. Na zagaya ta bayan layi na sayi na naira dubu, na ci a tsaye a cikin duhu kamar ɓarawo, na goge baki da takardar. A hanyar dawowa wani kare ya fito daga kango. Ni da na ce ba na iya zuwa bakin titi sayen burodi, na tattare riga na zura. Na tsallake kwata biyu. Na iso ƙofar gida na tsaya numfashina ya dawo, na shiga da sallama a natse ina jan carbi.

Da mako shida ya cika muka koma asibiti, Hajiya ta ce ƙafata ƙafarta. Likita ya ɗora wani abu a kan wurin, ta saman fata, sai rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Ashe abar nan ba bugu kawai take ba, rubutawa take yi. Ya ce batir lafiya, wayoyi sun zauna, an saita ta kada bugun ya sauka ƙasa da 60. Sai ya matso da fuska ya ce, "Baba, ranar Talata ta makon jiya, wajen ƙarfe tara na dare, bugun ya yi sama sosai na 'yan mintuna. Gudu ka yi?"

Na ce ina masallaci.

Hajiya ta ce, "Wane irin karatu ne wannan, Malam?"

Na ce babin tsoron Allah aka karanta.

Likita ya kalle ni, ya kalle ta, ya ce koma mene ne, zuciyar ta ɗauka lafiya lau, kuma haka ake so. Daga nan Hajiya ta buɗe jaka ta fito da takarda. Ashe rubutawa take yi ita ma. Ta fara karantowa ɗaya bayan ɗaya. Tafiya Wudil? Ya ce ya je har Maiduguri in yana so. Taron makaranta? Ba abin da ya hana. Maganar kuɗi? Ya yi dariya, karo na farko tun da na san shi, ya ce bai taɓa faɗin haka ba. Ɗaga hannu? Daga yau ya ɗaga, barinsa ma shi zai sa kafaɗar ta sanƙare. Na ga jirgi yana nitsewa, na ce to ni ma ina da tambaya: tsire fa? Ya ce na'urar ba ruwanta da tsire, amma hawan jinin da ke katina yana da ruwa, in rage gishiri da kitse. Hajiya ta gyara mayafi.

Na ce, "Yanzu likita duk cikin dokokin ba abin da ya rage?" Ya ce waya ta ci gaba da zama a dama, in faɗa wa duk likitan da zai yi mini hoton maganaɗisu ko tiyata cewa ina da ita, kada in rungumi janareta yana aiki, kuma kada in yi walda. Shekarata sittin da huɗu, ko kusa da ƙarfen walda ban taɓa riƙewa ba.

Muna isa gida na tarar da auta a zaure da takardarsa a hannu, mai siminti kuma yana zaune a kan benci, an ma kawo masa ruwa. Na kai hannu zan dafa ƙirji, sai Hajiya ta wuce ta gabana ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ku shigo, an duba shi, garau yake."