Wanda ke gefenka a sahu shi ma baƙon Allah ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu shirin Umarar azumi da maniyyatan bana, da mu da muke zaune a nan Madina da Makka da Jidda.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Bayan la'asar ina zaune a harabar masallacin Manzon Allah (SAW) ƙarƙashin lemomin nan, kusa da ni wasu mutanenmu ne su kamar shida sun yi da'ira ana ta hirar gida, wane zai fito takara, wane ya ci amanar wane, yau nawa ake canjin riyal. Sai ga wani dattijo, da ganinsa ɗan Pakistan ne ko Afganistan, ya matso da 'yar ledar dabino yana miƙa musu yana murmushi. Ɗaya ya ɗauka ko ɗaga kai bai yi ba, ɗayan kuma yace da Hausa "karɓi kawai, waɗannan ai ba su iya komai ba sai bangaje mutane a ɗawafi", aka fashe da dariya. Dattijon nan shi ma ya yi dariya, don shi a zatonsa daɗin kyautarsa aka ji. Wallahi dariyar nan tasa ce ta hana ni sukuni har yau.

Jama'a mu ji tsoron Allah. Ayar nan ta 13 a Suratul Hujurat ko yaran Islamiyya sun haddace ta, Allah yace ya halicce mu daga namiji da mace, ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu "li ta'arafu", don mu san juna. Toh in ba a nan ba ina ne wurin sanin junan? A 2023 da 2024 duk shekara sama da mutum miliyan 1.8 ne suka tsaya Arfa. Kujerun da aka ba Najeriya 95,000 ne, Indunusiya ita kaɗai sama da 220,000. Kaga ko da mun cike kujerunmu kaf, cikin mutum ashirin ɗaya ne namu. Amma sai alhaji ya yi wata guda cur a ƙasar nan, daga masaukin jiharsu sai Harami sai Shara Mansur, titin nan na Makka, wajen tuwo da miyar kuka sai kasuwa, ya koma gida da jaka shaƙe da tsaraba amma bai san sunan mutum ɗaya tak da ba Bahaushe ba. Ni ba faɗa nake da tuwo ba fa, ni ma in na shiga Makka can nake fara sauka. Abin da nake cewa an tara maka duniya gaba ɗaya a tabarma ɗaya, kai kuma ka juya mata baya.

Kuma wannan ba maganar wayewa ba ce, hakki ne. A Suratun Nisa'i aya ta 36, bayan Allah ya yi umarni da tauhidi da kyautata wa iyaye da dangi da marayu da maƙwabta, sai ya ambaci "was sahibi bil jambi wabnis sabil". Magabata da yawa, ciki har da Ibn Abbas da Mujahid, sun fassara sahibi bil jambi da abokin tafiya. Wato mutumin da kujerarku ɗaya a motar Madina zuwa Makka, da wadda shimfiɗarta ke jikin taki a Muzdalifa, duk sun shiga. Ayar ba ta ce sai mai jin yarenka ba.

Bari in taɓo inda ya fi mana ciwo. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san zafin a ce masa "ya Takruni" da irin muryar nan ta raini. Alhali sunan ba zagi ba ne a asali, Takrur tsohuwar daular Musulunci ce a bakin kogin Sanagal, da ita Larabawa suka riƙa kiran alhazan ƙasashenmu, kakanninmu da suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna hanya suna noma suna ƙwadago kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Amma baki ya lalata sunan. Muna jin haushi, kuma muna da gaskiya. Toh amma mu fa? Wa ya fi mu iya cewa "kai Bangali", "wani ɗan Indiya ne kawai"? Abin da aka zuba mana muka ji ɗaci shi muke ɗiba mu zuba wa wanda muke ganin yana ƙasa da mu. Sayyidina Abu Zarri da girmansa ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah (SAW) yace masa kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai, hadisin yana cikin Bukhari. Abu Zarri fa, balle ni da kai. Kuma a Mina ne, cikin kwanakin jifa, Annabi (SAW) ya faɗa wa mahajjata cewa Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, fari bai fi baƙi ba, baƙi ma bai fi fari ba, sai da taƙawa. A wurin da aka yi wannan huɗubar a nan muke zama cikin tanti muna yi wa tantin maƙwabta dariya.

Ni kaina ban tsira ba, shi ya sa nake maganar da ƙarfi. Farkon zuwana akwai wani ɗan Bangaladash da ɗakinsa ke kallon nawa, aikin shara yake, kullum kafin asuba ya fita da kayan aikinsa. Na fi wata biyar ina ce masa "ya Bangali", ban taɓa tambayar sunansa ba. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, irin wanda ko tashi alwala sai da dafa bango, 'yan garinmu kowa yana ta kansa don lokacin aiki ne, ban ga laifinsu ba. Kwana biyu bai ga takalmina ya motsa daga bakin ƙofa ba sai ya ƙwanƙwasa. "Sadik, inta fi ta'aban?" Wato aboki, ba ka da lafiya ne? Irin Larabcin nan namu na 'yan ci-rani da ko Balarabe sai ya kasa kunne. Shi ya tare mota ya kai ni asibiti, shi ya biya kuɗin magani daga ɗan albashin da na san iyalinsa na jira, ya yi kwanaki yana kawo mini shinkafa da romon wake mai ɗan karen yaji. Da na warke na kai masa kuɗinsa ya ture hannuna yace "mafi mushkila, ana inta sawa sawa, Muslim", wato ba komai, ni da kai ɗaya muke, Musulmi. Ranar na tambayi sunansa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Garin nan na Madina da muke ciki ai da haka aka gina shi. Ladanin farko Bilal ne mutumin Habasha. Salmanu daga Farisa ya fito, Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsa da Abud Darda'i, kuma a shekara ta 5 bayan hijira da ƙabilu suka yi gangami za su afka wa Madina, dabarar haƙa gwalalo daga wajen Salmanu ta fito, abin da Larabawa ba su saba da shi ba. Da an ce baƙo ne ya yi shiru fa?

Kuma akwai abin koyo in mutum ya sauke girman kai. Ku lura da 'yan Indunusiya yadda suke tafiya a jere, ba hayaniya, kowa ya san aikin hajjinsa tun daga gida. Ka zauna da ɗayansu ka ji, a wasu yankunansu mutum sai ya jira sama da shekara ashirin kafin layi ya zo kansa, sai ka gane dalilin kukan da yake yi in ya ga Ka'aba. 'Yan Malesiya tun 1963 suke da asusun tara kuɗin hajji. Sannan zama da su yana rage mana saurin yanke hukunci, za ka ga Baturke Bahanafe ba ya ɗaga hannu wajen ruku'u, wani ya saki hannu wani ya kama, duk da malamansu da hujjojinsu, ba wai ba su iya salla ba ne kamar yadda wasunmu ke saurin cewa.

Toh amma fa kar a ce na ce a saki jiki da kowa. Annabi (SAW) yace mutum yana kan addinin abokinsa, kowa ya duba wa yake abota da shi. An ruwaito wani ya zo zai yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi, maƙwabcinka ne? Kun taɓa tafiya tare? Kun taɓa hulɗar kuɗi? Duk yace a'a, Umar yace toh ba ka san shi ba. Don haka murmushi da sallama da raba abinci kyauta ne ga kowa, amma amana sai an gwada. Dan girman Allah kar ka riƙe wa kowa jaka ko ƙunshi a filin jirgi, komai tsufansa komai roƙonsa, a ƙasar nan hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Kar ka ba wani fasfonka ko katin Nusuk ɗinka, wato katin shaidar mahajjaci. Wanda yace zai shigar da kai Arfa ba tasrihi, wato izinin aikin hajji, ka guje shi, a hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu a zafin da ya haura digiri 50, akasarinsu marasa izini ne da ba su da tanti ba su da mota. 'Yan uwa mata kuma ku yi ƙawance da mata 'yan uwanku, namijin da ya biyo ki da "hajiya kawo lamba mu riƙa gaisawa saboda Allah", ki ce masa Allah ya karɓa ki wuce. Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin waɗanda aka damfara a nan, wanda ya damfare su da Hausa ya yi musu sallama.

Abin ba wuya gare shi ba. Ka matsa masa a sahu, ka ɗebo zamzam kofi biyu maimakon ɗaya, ka nuna ƙirjinka ka faɗi sunanka ka ji nasa. In azumi ne kuma a masallacin Annabi ai an sauƙaƙa maka, yara ne za su riƙo hannunka su ja ka zuwa sufurarsu, wato shimfiɗar buɗa baki, ga dabino ga nono ga burodi ga gahawa, dama da hagunka ƙasa biyu daban. Ka koyi kalma ɗaya, ɗan Indunusiya ka ce masa "tarima kasi", ɗan Pakistan "shukriya", ka ga yadda fuska ke washewa. Kafin ku rabu ka ce ya sa ka a addu'a kai ma ka sa shi, hadisin Muslim ne cewa in ka yi wa ɗan uwanka addu'a a bayan idonsa mala'ika zai ce amin, kai ma kana da irinta.

Shi wancan maƙwabcin nawa ya koma ƙasarsu tuni, amma ba a wata biyu bai turo mini saƙon murya a WhatsApp ba, yana farawa da "sannu sannu, ina gajiya", iya Hausar da ya tafi da ita kenan. Na wannan makon yace mahaifiyarsa ce ba lafiya, tana kwance, wai in na samu shiga Rauda in tuna da ita. Na samu lokaci daren Alhamis in sha Allah. Ku ma dan Allah wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, Allah ya san sunanta.