Ɗakin karatun 'yan Meksiko da ya tsaya min a rai

Ranar Asabar da ta wuce motar wani abokin aikina ɗan Meksiko ta ƙi tashi, ya kira ni wai in taimaka in kai shi makaranta. Na ce makaranta kuma? Mutumin nan ya haura shekara 50, tare muke lodin kaya a sito tun dare har asuba a garin da nake zaune nan Amurka, ban taɓa jin ya ambaci karatu ba. Na dai je na ɗauke shi da jikarsa 'yar kamar shekara 8, niyyata in sauke su a bakin ƙofa in juya. Ya ce haba, shigo ka gani mana ko minti biyar ne. Wallahi tun shigar nan abin yake cina.

Ɗaki ne a ƙasan wani gini, sai ka sauka matakala, daga waje ba za ka ce akwai komai ba. Kana buɗe ƙofa tutarsu ce za ta fara tarbarka, kore da fari da ja da mikiya a tsakiya. Kwamfutoci a jere jikin bango, firinta a kusurwa, an rubuta lambar shiga intanet ɓaro-ɓaro a takarda an liƙe inda kowa zai gani, ba sai ka roƙi wani ba. Ɗaya bangon kuma kanta ce cike da littattafai, duk cikin Sifaniyanci, na lissafi da na tarihin ƙasarsu da na labaran yara masu hotuna, wasu sababbi wasu bakinsu ya lanƙwashe don yawan hannu. Akwai wata mata da na daɗe ina kallo, hannunta duk ya tsattsage irin na mai aikin goge-goge da ruwan bilic, da yatsa ɗaya take danna madannan, ta danna ta ɗaga kai ta duba allo ta sake dannawa, wata budurwa na tsaye a bayanta ba ta karɓe mata ba kuma ba ta gaggauta ta ba. Jikar abokina kuwa ko kallonmu ba ta yi ba, ta nufi kanta ta zaro littafi ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa kamar ɗakin uwarta.

Na tambaye shi wa ke biyan kuɗin wannan? Ya ce ƙaramin ofishin jakadancinsu ne ya tsaya a kai tare da masu ginin. Suna kiran wurin Plaza Comunitaria, kuma ba a garinmu kaɗai yake ba, akwai irinsa a jihohi da dama, wani a makaranta, wani a coci, wani a laburaren gari, har a gidajen yari. Hukumar ilimin manya ta ƙasarsu, INEA, wadda aka kafa tun 1981, ita ke ba da darussan, mutum ya gama firamare ko ƙaramar sakandare yana zaune a Amurka, takardar shaidar ta fito daga gwamnatin Meksiko. A 2003 suka kafa hukuma guda ta 'yan ƙasarsu mazauna waje, IME, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Littattafan makarantar nan kuma irin waɗanda gwamnatinsu ke bugawa ta raba wa yara kyauta ne tun da ta kafa hukumar yin hakan a 1959, su ake turowa ta hannun ofisoshin jakadanci a raba. Ƙananan ofisoshin jakadancin Meksiko a Amurka sun haura 50, kuma duk da haka suna da na tafi-da-gidanka, ma'aikata su kwashi na'urorinsu su bi mutane har ƙananan garuruwa a ƙarshen mako.

Mu kuma kun san yadda abin yake, ba sai na ɓata bakina ba. Najeriya na da ofishin jakadanci a Washinton, da ƙanana a New York da Atlanta, shikenan, a ƙasar da daga wannan gefe zuwa wancan sai ka yi awa biyar ko shida a jirgi. Kuma a kanmu gaba ɗaya, ofishin jakadanci wurin fasfo ne da biza. Ba ya ma zuwa mana a rai cewa mutum zai iya zuwa inda tutar ƙasarsa take don kawai ya zauna ya karanta wani abu.

Na san me wasu za su ce. Meksiko maƙwabciyar Amurka ce, mutanenta a nan miliyoyi ne, mu ba mu kai ko kusa ba, wannan gaskiya ne ban musa ba. Wani zai ce ai laburaren gari a Amurka kyauta ne, akwai intanet akwai kwamfuta, kowa kuma da wayarsa a aljihu, shi ma gaskiya ne, ni kaina ina da katin laburare. Amma je ka nemi littafin Hausa guda ɗaya a ciki ka dawo mu yi magana. Kuma duk wanda ya taɓa cike fom mai shafi goma a waya, da Turancin da bai zauna masa ba, ya san waya daban, zama gaban kwamfuta kusa da wanda zai yi maka bayani da harshenka daban. Akwai dattawa da mata da yawa cikinmu, 'yan Najeriya da Nijar da Gana, da suke jin nauyin tambayar baƙo, sai su haƙura da haƙƙinsu. Su American Corner da British Council, wuraren karatun Amurka da Birtaniya da kuka sani a gida, ai don su jawo 'ya'yan wasu zuwa harshensu suka buɗe su. Na 'yan Meksiko ya fi taɓa ni, don nasu suka bi har inda neman abinci ya kai su.

Sannan don Allah kada wani ya zo min da maganar nan ta ku da kuka gudu kuka bar ƙasa me kuke nema kuma. Ba gudu muka yi ba. Kuɗin da mazauna waje ke turawa Najeriya yana kai wa wajen dala biliyan 20 a shekara, na Meksiko ya haura biliyan 60 a 2023, to su sun ga abin da nasu ke yi sun mayar musu da wani abu da ake gani da ido. Mu ma an yi dokar kafa hukumar mazauna waje, NIDCOM, a 2017, na kuma yi murna da hakan, amma abin da nake roƙo bai kai taro a otal tsada ba. Ɗaki ɗaya, kwamfuta ko biyar ce, intanet, kanta ɗaya ta Hausa ɗaya ta Yarbanci ɗaya ta Ibo da sauransu, a haɗa kai da masallatai da ƙungiyoyinmu da suke da wurin zama tun tuni. Masu koyarwa kyauta ba za a rasa ba, ni zan ba da Asabar ɗina.

Da na dawo gida ranar na tarar da 'yata a falo, shekararta 9, a nan aka haife ta. Na ɗauko takarda na rubuta mata ƙasa da kasa na ce karanta min. Ta kalla ta kalla ta ce Abba ai abu ɗaya ne, wannan dai ka yi kuskure wajen rubuta k ɗin. Ban iya ce mata komai ba. Yarinyar nan tana karanta littafin Turanci mai kauri a kwana biyu, malamanta yabonta suke, amma duk Lahadi in muka kira Hajiya ta bidiyo, daga ina wuni Kaka da lafiya lau sai ta miƙo min wayar ta tsaya tana murmushi, Hajiya kuma ta yi ta jan ta da wasan jika, tana kiranta kishiya, yarinya ba ta san me ake cewa ba balle ta rama. Rannan Hajiya ta ce min, kai dai ka kawo min ita kafin ƙasa ta rufe min ido, ko da hannu ma yi hira. Ni na san da laifina a ciki, aikin dare ya cinye ni, uwarta ma aiki take, Hausar gidan ta koma ta zo ki ci da tashi ki kwanta. Amma abokina ma aikin daren yake, tare muke fita, jikarsa kuma ga ta can zaune a ƙasa tana karanta harshen kakanta da ƙarfi tana dariya ita kaɗai.

Akwai wani ɗan uwa da zai taso wata mai zuwa, na riga na ce ya rage min wuri a jakarsa, ko kilo biyar ne, ya cika min da littattafan koyon karatu na 'yan aji ɗaya da na tatsuniya. Na share mata layi ɗaya a kantar falo, na kwashe takardun inshora da na haraji na mayar ƙarƙashin gado.